Sawakin: Tarihin Wata Tsohuwar Tashar Jiragen Ruwa a Bakin Bahar Maliya

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama da tsofaffin alhazan da suka yi aikin hajji ta ƙasa, tun kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, da wuya a ce bai ji sunan Sawakin a bakinsu ba. A nan ne tafiyar ƙasa take ƙarewa, a nan ne kuma ake shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda. To amma a wurin yawancinmu Sawakin suna ne kawai a cikin jerin zangunan hanyar Gabas, ba mu san ko waɗanne irin mutane ne suka kafa garin ba, balle abin da ya same shi daga baya.

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana tarihin wannan gari a taƙaice, da irin gine-ginensa, da dalilin durƙushewarsa. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa tun da daɗewa Sawakin gari biyu ne a haɗe: akwai tsibiri na attajirai da mahukunta, akwai kuma unguwar tudu ta makiyaya da fatake da alhazai. Masu rubutun tarihi sun fi mayar da hankali ga tsibirin, domin a can benaye suke. Sai ga shi tsibirin ya zama kufai, unguwar tudun kuwa ita ce ta wanzu da mutanenta.

2.0 Wuri da Suna

Sawakin tana gabashin Jamhuriyar Sudan, kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan, ko Bur Sudan kamar yadda mutanen ƙasar suke faɗi. Gaɓar teku a wannan yanki cike take da duwatsun murjani, watau irin duwatsun da wasu ƙananan halittun ruwa suke ginawa a ƙarƙashin teku, waɗanda kan fasa jirgi in ya hau kansu. A daidai Sawakin sai aka sami wata siririyar kafa mai zurfi wadda ta ratsa duwatsun, ta kutsa cikin ƙasa, sa'an nan ta buɗe ta zama kamar tafki. A tsakiyar wannan tafki akwai wani tsibiri kewayayye wanda faɗinsa bai wuce rabin kilomita ba. A kansa aka gina tsohon garin. Jirgin da ya shigo nan ya tsira daga iska da igiyar ruwa, abokin gaba kuwa ba shi da hanyar shigowa sai ta wannan kafa guda. Unguwar da take kan tudu, daura da tsibirin, ita ake kira Gef.

Game da sunan kuwa, akwai bayanai uku da suka shahara. Na farko, a Larabci kalmar sawakin jam'i ce mai ma'anar mazauna, ko abubuwan da suka natsu wuri guda. Na biyu, ƙabilar Beja, waɗanda su ne 'yan ƙasa, suna kiran garin Usuk, kuma masana harshe suna danganta wannan da kalmar Larabci suk, watau kasuwa. Na uku hikaya ce ta mutanen gari, wadda take cewa a tsibirin ne Annabi Sulaimanu ya riƙa ɗaure aljannu masu taurin kai, don haka ake ɗora sunan a kan kalmar sijin, watau kurkuku, ko kuma kalmar jinni. Irin wannan fassara ta ƙarshe sananniyar aba ce ga masu nazarin sunayen garuruwa, domin jama'a sukan ƙago labari su cike gurbin asalin da aka manta. Ko da yake ba hujja ba ce ta tarihi, tana nuna mana irin kwarjinin da tsibirin yake da shi a idon mutanen tudu.

3.0 Tashe da Bunƙasa

Marubutan Larabawa sun ambaci Sawakin tun a ƙarni na 10, amma a wancan zamani Aizab, wadda take can arewa, ita ce babbar tashar wannan gaɓa, ita ce kuma mashigar alhazan Masar. Duk da haka Sawakin tana da cinikin da ya kai a yi rikici a kansa, domin cikin shekarun 1260 Sarkin Masar Baibars ya aika da mayaƙa a kan mai mulkin garin, saboda ƙarar da aka kai cewa yana cinye dukiyar fataken da suka mutu a can.

Wajen shekarar 1330 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a tsibirin bayan ya baro Makka. Ya tarar babu ruwan sha a kansa sai wanda aka kawo cikin jirage, ya kuma tarar mai mulkin garin Sharifi ne, ɗan Sarkin Makka, wanda ya sami sarautar ta wajen kawunnansa Beja. Wannan bayani yana da muhimmanci ƙwarai, gama ya nuna yadda al'ummar Sawakin ta ginu. Baƙo yakan zo ta teku da dukiya ko da asali, ya auri 'yar ƙasa, 'ya'yansa su tashi da ƙafa ɗaya a teku ɗaya a tudu. Ta haka aka sami jama'ar da ake kira Hadariba da Artega, waɗanda harshensu da al'adunsu na Beja ne, amma suna danganta kakanninsu da Hadramaut a kudancin ƙasar Larabawa. Su ne suka riƙe dillanci da jagorancin ayari, domin babu fatake da za su ratsa duwatsun Hadandawa da Amarar ba tare da amincewar dangi ba.

Da Aizab ta mutu a ƙarni na 15, sai ciniki ya komo Sawakin. A 1517 Turkawa suka ci Masar, ba da jimawa ba kuma ikonsu ya kai wannan gaɓa. A 1555 suka kafa lardin da suka kira Habash, Sawakin ta zama mazaunin Basha na farko. Kafin wannan, a 1541, rundunar jiragen Fotugal ta shigo tashar ta yi ɓarna, kuma ɗaya daga cikin hafsoshinta, Joao de Castro, ya bar bayanin abin da ya gani. Ya kwatanta cinikin garin da na Lisbon, ya kuma nuna cewa jirage suna kewaye tsibirin ta kowace fuska, ana gitta katako daga jirgi zuwa ƙofar ɗakin ajiya a sauke kaya.

Ƙarfin Sawakin ya dogara ne ga hanyoyin ayari. Wata hanya ta nufi Barbar a bakin Kogin Nilu, tafiyar kimanin mako biyu a kan raƙumi. Wata ta bi ta ƙasar Taka, inda Kasala take yanzu, zuwa Shandi da Sinnar, hedkwatar sarakunan Funj. Daga tudu ana kawo ƙaro da hauren giwa da gashin jimina da zinariya da fatu da man shanu da dawa. Daga teku kuma ana shigo da tufafin Indiya da kayan ƙamshi da turare da duwatsun ado. Wajibi ne a faɗi cewa bayi suna cikin manyan hajojin wannan tasha har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, kuma wani kaso na dukiyar da ta gina benayen daga nan ya fito.

4.0 Tsibiri da Gef

A ƙarni na 17 da na 18 ciniki ya ja baya, tun da Turawa sun karkata akalar fataucin Indiya ta kudancin Afirka. Sa'ad da matafiyi Burckhardt, mutumin Suwizalan, ya iso a 1814 tare da ayari daga Shandi, ya ƙiyasta gidajen tsibirin sun kai 600, amma kashi biyu cikin uku sun zama kango. Ya ƙiyasta jama'ar garin duka 8,000, daga ciki 3,000 ne a tsibiri, saura suna Gef. Ya kuma lura cewa wakilin Turkawa da yake zaune a tsibiri ba shi da wani iko na a zo a gani, ainihin iko yana hannun Sarkin Hadariba a Gef.

Dalilin haka a fili yake. Tsibirin ba shi da rijiya, ba shi da gona, ba shi da makiyaya. Ruwan sha daga rijiyoyin Shata yake zuwa, can bayan Gef. Raƙuma a Gef suke durƙusawa, kasuwar hatsi da ta dabbobi a nan suke, masu kawo nono da gawayi daga duwatsu a nan suke tsayawa. Ke nan tsibiri yana da kwastan da ɗakunan ajiya da manyan masallatai, amma cikinsa yana hannun Gef. Wanda bai riƙe wannan ba zai yi wuya ya fahimci abin da ya faru a ƙarni na 20.

5.0 Gine-ginen Murjani

A 1865 Sarkin Istambul ya miƙa Sawakin ga Isma'il, mai mulkin Masar, a 1869 kuma aka buɗe mashigin ruwan Suwes. Nan take Bahar Maliya ta zama babbar hanyar jiragen duniya, Sawakin ta farfaɗo. Gwamna Mumtaz Basha ya shigo da noman auduga a Tokar. 'Yan kasuwa daga Jidda da Masar da Indiya da Girka suka buɗe kantuna. A ƙarshen shekarun 1870, zamanin da Gordon yake gwamnan Sudan, aka cike ruwa aka yi hanya wadda ta haɗa tsibiri da Gef. A 1881 attajiri Shinnawi ya gina wani makeken masaukin fatake a Gef, wanda saboda girmansa jama'a suke cewa ɗakunansa sun kai yawan kwanakin shekara.

Da dutsen murjani aka yi waɗannan gine-gine. Ana haƙo shi daga bakin teku, a sassaƙe shi tun yana da laushi, a jera. In an yi 'yan sahu sai a shimfiɗa katako a cikin bangon domin ya ɗaure shi. Ana kuma ƙona dutsen ya zama farar ƙasa, da ita ake yaɓe ciki da waje. Gidan attajiri yakan kai hawa biyu ko uku. A ƙasa akwai zauren shiga da ɗakin karɓar baƙi maza da wurin ajiyar kaya. Sama ta iyali ce, can ƙoli kuma akwai rufin da aka kewaye da ɗan bango, inda ake kwana lokacin zafi.

Abin da ya fi fito da kyan gidajen shi ne roshan, jam'insa rawashin. Wannan wata irin taga ce ta katako da aka sassaƙa, wadda take turowa waje daga jikin bango, mai faɗin da mutum zai iya zama ko ya kishingiɗa a cikinta. An yi mata ƙananan kafofi da marufai, ta yadda iska za ta shigo, rana ba za ta shigo ba, matan gida kuma su ga titi ba tare da an gan su ba. Katakon daga Indiya da Jawa ake kawo shi, domin shi ne yake jure gishirin teku. Irin wannan gini shi ne a tsohuwar Jidda da Masawwa, abin da yake nuna cewa garuruwan Bahar Maliya sun fi kama da junansu fiye da yadda kowannensu ya yi kama da ƙasar da take bayansa. Manyan masallatan tsibirin guda biyu, na Hanafiyya da na Shafi'iyya, su ma shaida ne, domin Hanafiyya mazhabar Turkawa mahukunta ce, Shafi'iyya kuwa ta mutanen Hijaz da Yaman da Masar.

Sai dai ginin murjani yana da wani sharaɗi. Dutsen yana da ƙofofi kamar soso, yana shan laima da gishiri. Muddin ana sabunta yaɓe, ana gyara indararo, zai yi ɗaruruwan shekaru. In aka bar shi, ruwa ya shiga, katakon cikin bango ya ruɓe, sai hawa na sama ya rufto a kan na ƙasa. Mai karatu da ya san halin ginin ƙasa, wanda ba ya son a tsallake shekara ba a yi masa yaɓe ba, ba zai yi mamakin wannan ba.

6.0 Yaƙin Mahadi da Ƙaurar Tasha

A 1883 Mahadi Muhammad Ahmad ya naɗa Usman Digna amirinsa a gabas. Usman ɗan gidan 'yan kasuwar Sawakin ne, ya kuma sami goyon bayan Shaihu Ɗahir al-Majzub, shugaban ɗariƙar Majzubiyya, wanda ta dalilinsa Hadandawa da yawa suka yi mubaya'a. Mabiya ɗariƙar Hatmiyya kuwa suka tsaya a gefen hukuma, watau dai yaƙin ya raba gari da dangi. An gwabza a Teb da Tamai a 1884. A 1885 Ingilishi suka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Sawakin zuwa Barbar, suka watsar da aikin bayan kimanin kilomita 30. Kitchener, wanda ya yi gwamnan garin daga 1886 zuwa 1888, ya kewaye Gef da ganuwa, ƙofarta kuma ta ci sunansa. Mahadiyya ba ta taɓa cin Sawakin ba, amma hanyoyin ayari sun toshe shekara da shekaru. An kama Usman Digna a 1900, ya rasu a Wadi Halfa a 1926.

Abin da yaƙi bai yi ba, shawarar ofis ta yi. Bayan Ingilishi da Masar sun kama Sudan, sai aka ga kafar Sawakin ta yi wa manyan jiragen zamani ƙunci, tsibirin ba shi da filin faɗaɗawa, ga kuma ƙarancin ruwan sha. Saboda haka a 1905 aka fara gina sabuwar tasha a wani wuri da ake kira Marsa Shaihu Bargut, aka buɗe ta a 1909 da sunan Port Sudan. Siririyar kafar da ta kare Sawakin shekaru ɗaruruwa ita ce ta zama sanadin barinta. Kamfanoni da banki da ofisoshin hukuma suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, zuwa farkon shekarun 1920 ƙaura ta kusa kammala. Attajirai suka kulle gidajensu suka bi kasuwa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaɓe ya tsaya, magada suka yawaita suka warwatsu, gida guda ya zama na mutane da dama, babu wanda zai ɗauki nauyin gyara shi kaɗai.

Wani malamin zane a Hartum, Jean-Pierre Greenlaw, ya auna gidajen ya zana su tun daga shekarun 1940, lokacin da yawancinsu suke tsaye, aka buga littafinsa a kan gine-ginen murjani na Sawakin a 1976. Yawancin abin da ya zana yanzu tarin duwatsu ne, zanen nasa kuwa shi ne madogarar masu son sake ginawa.

7.0 Sawakin da Alhazan Yamma

Burckhardt ya yi tafiyarsa ta 1814 tare da alhazai baƙar fata daga yamma, waɗanda ake kira Takarir ko Takarna. Asalin kalmar daga Takrur ne, wata tsohuwar daula a bakin Kogin Sanagal, Larabawan gabas suka mayar da ita sunan duk Musulmin da ya fito daga Afirka ta Yamma. Daga nan Hausa ta sami kalmar Takari. Ɗaya sunan da ake kiransu da shi a Sudan, watau Fallata, daga Barebari aka aro shi, kuma asalinsa Fulani yake nufi, amma ya game Hausawa da Barebari da sauransu.

Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, jama'a masu yawa suka yi hijira gabas, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga wannan lokaci hanyar ta ƙara cika. Mahajjaci yakan tashi daga Kano ko Barno, ya bi ta Fort Lamy, watau Njamena ta yau, da Abeshe da Jinaina da Fashir, har Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso tun kafin Yaƙin Duniya na Farko. Da yawa guzurinsu yakan ƙare, sai su tsaya aikin auduga a Jazira ko Kasala ko Tokar, wani shekara biyu, wani goma, wani kuma har ƙarshen ransa.

Ko da tasha ta koma Port Sudan, hukuma ta bar sha'anin alhazai a Sawakin. A nan aka ajiye karantina, watau wurin killace matafiya, inda ake yi musu lamba da allura kafin su ƙetare, a kuma tsare su 'yan kwanaki in sun komo, don gudun kwalara da agana. Waɗanda ba su da kuɗin takardu sukan saci hanya cikin ƙananan jiragen da iska take korawa, waɗanda ake kira sambuk, wasu kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Saboda haka a shekarun da tsibiri yake rugujewa, alhazai da makiyayan Beja da masunta su ne suka riƙe garin da rai. Wannan ya ci gaba har jirgin sama, wanda ya fara ɗibar alhazai daga Kano a shekarun 1950, ya kashe hanyar ƙasa sannu a hankali.

8.0 Ƙoƙarin Adana Garin

A 1991 aka buɗe sabuwar tasha a bakin kafar Sawakin, aka sa mata sunan Usman Digna, domin jigilar fasinja da dabbobi zuwa Jidda, abin da ya sa garin tudu ya sake cika. A 1994 Sudan ta sa Sawakin cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan gadon duniya. Daga 2002 hukumar kayan tarihi ta Sudan, tare da masana daga jami'o'in Cambridge da Ulster, suka yi haƙa a tsibirin, suka tono abubuwa har da fasassun tangaran na ƙasar Sin. A shekarun 2010 hukumar raya ƙasashe ta Turkiyya ta gyara masallatan nan biyu da ginin kwastan, a watan Disamba na 2017 kuma Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin, aka yi yarjejeniyar faɗaɗa aikin. Faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir a 2019, da yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023, sun sa hankalin hukuma ya koma wani wuri.

Akwai matsaloli biyu da duk mai wannan aiki zai fuskanta. Ta farko, yawancin filayen tsibirin mallakar iyalai ne, ba a iya taɓa su sai da yardar magada. Ta biyu, ginin da aka gyara aka kulle zai koma inda ya fito, tun da abin da ya kashe na farko rashin mazauna ne. Tsohuwar Jidda, wadda UNESCO ta amince da ita a 2014, ta kai labari ne domin birni bai taɓa tashi ya bar ta ba.

9.0 Kammalawa

An ga yadda wuri ya yi Sawakin, yadda auratayya tsakanin baƙin teku da Beja ta haifi al'ummarta, da yadda ƙaurar tasha a 1909 ta bar benayen murjani ba mai yaɓe. An kuma ga cewa Gef, wadda matafiya ba su cika zana ta ba, ita ce ta ciyar da tsibiri a lokacin bunƙasarsa, ita ce kuma ta rage bayansa.

A nan akwai aikin da ya rataya a wuyan manazartanmu. Gine-ginen sun sami wanda ya zana su kafin su faɗi, amma labarin alhazan da suka kwana a karantina yana bakin tsofaffi ne, a ƙasar Hausa da Barno da kuma unguwannin Hausawa na Sudan, kuma kullum raguwa suke yi. Ya kamata ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai su nemi waɗannan dattawa da 'ya'yansu, su ɗauki maganarsu, su tattara sunayen zanguna kamar yadda Bahaushe ya furta su, da kalmomin Larabcin Sudan da suka shigo Hausarsu, da takardun tafiya da suka rage a cikin adakoki. Wannan ɓangare na tarihin Sawakin da Hausa aka adana shi, masu jin Hausa ne kuma za su iya rubuta shi.